Gilashin da Ban Sa Ba

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a Gumani ba. Kowa a Bulpiela ya riga ya ji, har mai kokon bakin masallaci, kuma kowa da irin nasa labarin. Abin da na sani shi zan rubuta. Ni Fadilatu na haɗa fuskokin na'urorin gwajin madarar nan shida da hannuna, a kan teburin nan na shagon Kawu Ɗalha, kuma ranar da na gama su lafiyarsu ƙalau.

Da safe Mista Abdul-Mumin, jami'in shirin madara na matan makiyaya, ya kira ni. Ko gaisuwa babu. Wai Inna Dijatu, mai kula da tankin madarar, ta duba na'urar gwajin madara ba ta ga komai ba sai fuskarta da sararin sama, ta danna inda ta saba dannawa, ta juye madarar a tanki, ashe ta lalace. Ya ce sun kwashe duka shidan sun kulle a ofishinsu na Kalpohin, kada wanda ya taɓa sai kwamiti ya zauna. Na ce to ni da na yi su fa? Ya ce, "Musamman ke."

Musamman ni. Tun safe kalmar nan ke min yawo a kai.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Tunda babu mai tsayawa ya saurare ni, bari in gaya wa takarda.

Na'urar ba ta da wani wuya. A tsoma ƙarfen gwaji cikin madara, in mai kyau ce hoton ƙwarya kore ya fito, in ta fara juyawa ƙwarya ja ta fito, mace ta danna da yatsa. Matan ba su yi boko ba, hoto suke karantawa. Matsalar ita ce a fili suke aiki, daga hantsi zuwa rana tsaka, babu ko rumfa. Waɗanda aka fara kawowa daga Accra duk madubi suka zama a rana, shi ya sa aka nemo mu.

Duk inda haske ya fita daga gilashi ya shiga iska, ko ya fita daga iska ya shiga gilashi, sai wani ɓangarensa ya dawo baya. Sikirin na gama-gari gilashi ne a sama, iska a tsakani, allon hoto a ƙasa. Kowace fuska a cikinsu tana mayar wa mutum da rana a ido. Ni kuwa na cire iskar gaba ɗaya. Na cike tsakanin da gam garai-garai, na matse a injin matsi har babu ƙwayar kumfa ko ɗaya, gilashi da allo suka zama abu guda. Gilashin sama kuma na yi odar mai shafi na musamman, siriri, wanda in ka karkata shi za ka ga ɗan shuɗi-shuɗi. Shi ke kashe ƙyalli. Wata uku na yi a kan wannan. Na ɓata allo huɗu kafin hannuna ya faɗa. Na fita da kowanne bakin titi da ƙarfe goma sha biyu na rana, Maltiti mai shagon katin waya kusa da mu tana min dariya wai zan soye, na kuma karanta rubutu mafi ƙanƙanta a jiki.

Yanzu a ce madubi ne? Ta yaya?

Alhamis ɗin dai, da azahar

Abdul-Mumin ya turo hotuna biyu ta waya. Na daɗe ina kallo. A tsakiyar sikirin ɗin akwai zobba masu launi, ɗaya cikin ɗaya, irin na baƙin mai a kan ruwan kwata. Na san su sarai. Suna fitowa ne in gilashi biyu suka kusa haɗuwa amma da 'yar iska a tsakani. Ya ce ya nuna wa wani injiniya a Kumasi, mutumin ya ce gam ɗina ne ya ɗaga saboda zafi.

Injiniyan bai taɓa na'urar ba. Hoto ya gani a waya, yana zaune cikin sanyi, ya yanke min hukunci.

Amma zobban suna nan. Ban ƙirƙire su ba, shi ma bai ƙirƙira ba. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

An ce an sallami yaran nan biyu da suka sha madarar daga asibiti. Alhamdu lillahi. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

Akwai ta bakwai da na ajiye a shago don gwaji, gam ɗaya, gilashi ɗaya, rana ɗaya aka matse su. Yau na azabtar da ita. Na ɗora ta a kan kwanon rufin shago daga sha ɗaya zuwa uku. Na sauko da ita da tsumma don ba ta taɓuwa, na saka a firijin Maltiti tsakanin ledojin ruwa. Na sake mayar da ita rana. Na ɗaure ta a bayan yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, na ce direban ya bi duk ramukan hanyar Gumani ya dawo. Na watsa mata nono.

Ko gezau. Ƙwarya kore, ƙwarya ja, tar-tar kamar an zana da fenti.

Maltiti ta leƙo ta ce, "Fadila, in kin gama da ita ki ba ni in kai wa mijina ya ga yadda ake haƙuri." Na yi dariya, karo na farko tun Talata, sai kuma na ji haushin kaina.

Kawu yana kan bencinsa duk wunin nan yana canza wa wani ɗan kasuwa bakin caja. Bai ɗago ba. Da na nuna masa ta bakwan, ya ce, "Ɗaya ba shida ba ce." Shi ke nan abin da ya ce.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Sun kawo takarda.

Abdul-Mumin da kansa ya zo a motonsa mai ƙafa biyu, da takalmi mai sheƙi, yana goge gumi da hankici. Takardar ta ce manne gilashi da gam da Fadilatu ta yi ba tare da isasshen gwaji ba shi ne sanadin abin da ya faru. In na sa hannu, shago zai ci gaba da kula da kayan shirin, ni ce kawai za a cire, kuma sunana zai shiga rahoton da za a aika Accra. In na ƙi, za su ɗauke aikin duka daga shagon su ba mutanen Kumasi. Kwamiti zai zauna Alhamis ta sama, ashirin da biyu ga wata.

Ya ce da Hausarsa ta ofis, "Madam, ka sa hannu kawai, magana ya ƙare. Ba wanda zai kai ka kotu."

Na ce, "Ku ba ni ɗaya daga cikin shidan, minti goma, a gabanka."

Ya ce doka ta hana.

Ba tare da isasshen gwaji ba. Ni da fatar wuyana ta saɓule a bakin titin nan. Wallahi da ya ce ban iya ba da ya fi min sauƙi.

Bayan ya tafi Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Tun farko na gaya miki, abin da Bature ya bar wa iska a bar masa iska. Ke ce da sabon iliminki." Na ce Kawu, Baturen ma haka yake yi yanzu, duk wayar da ke da tsada an manne ta. Ya ce shi dai shekara ashirin yana wannan sana'a ba a taɓa kawo masa takarda ba.

 Shi ya ɗauke ni ina shekara tara ranar da aka binne Baba. Shi ya fara riƙa min hannu a kan ƙarfen dalma. Shi ya sayar da filinsa na hanyar Kumbungu na je makarantar fasaha, mutane suna cewa ya haukace, mace da sukundireba. Ba na iya ɗaga masa murya. Na shiga bayan shago na tsaya ina kallon bango har numfashina ya dawo daidai.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Ban sa hannu ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Wata mata ta kawo waya gyara, ta ga ni ce a teburi, ta ce za ta jira Masta. Mastan, wato Kawu, bai dawo ba sai bayan awa biyu, ta kuwa jira. Matar da na canza wa sikirin sau biyu.

Abin da ke cina shi ne ban je wurin miƙa kayan ba. Ranar Asabar ɗin, uku ga wata, ina Savelugu wurin sunan ɗan ƙanwata Hairat. Na jera su cikin kwali tun Alhamis, na naɗe kowacce da ƙyalle, na tafi. Kawu ya kai su. Lahadi da Litinin hadari ne wuni guda, ba a ga rana ba. Talata rana ta buɗe.

Gobe zan je Gumani. An hana ni taɓa na'ura, ba a hana ni gaida mutane ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je.

Har yanzu kwatar bayan ɗakin tanki, inda aka zubar da madarar, tana wari, ƙudaje baƙi ƙirin. Ban tsaya ba.

Na sami Inna Dijatu a rugarsu, zaune a gindin darbejiya tana matse wagashi, cukun nono. An karɓe makullin ɗakin tanki daga hannunta an ba wata. Matar da ta yi shekara bakwai tana yawo ruga-ruga tana lallashin maza su bar matansu su shiga ƙungiya. Yanzu ana cewa tsufa ne, idonta ya mutu.

Ta ce, "'Yata, idona yana ganin kaska a kunnen saniya daga nan zuwa can. Amma abin nan naki, rannan, ni kaɗai na gani a ciki, da ɗankwalina. Na karkata, na sa hannu na kare, sai wasu zobba ja da kore suna yawo. Na ga kore, na ce to. Kuma sai na danna sau uku kafin ya ji."

Sau uku. Nawa taɓawa ɗaya yake ji, ko da jiƙaƙƙen yatsa. Na gwada da ruwa, na gwada da man shanu.

Na ce Inna, ranar da aka kawo, wani ya taɓa fuskar? Wani ya shafa wani abu, ko ya rufe da leda?

Ta ce, "Ko kusa. Wa zai taɓa? Tsohon naku ma cewa ya yi mu kwantar da hankali, ko faɗuwa ta yi ba za ta fashe ba, don ya yi mana jara. Mutumin kirki. Har fura na dama masa."

Na ce jarar me?

Ta ce ita ina ta sani, jara dai.

Ban san yadda na hau moto na dawo ba.

Alhamis ɗin, bayan magariba

A shagonmu ba a taɓa mayar wa mutum waya tsirara ba. Duk wanda aka canza wa sikirin sai an liƙa masa furotekta, gilashin kariyar nan, kyauta. Jarar shago ce, kamar yadda mai gari ke ƙara maka hannu ɗaya bayan ta auna. Da ita aka san mu tun daga Aboabo har Lamashegu. Ni kaina na liƙa sun fi dubu.

A ƙarƙashin benci, bayan kwalin tsofaffin batura, akwai fakitin furotekta na manyan allo, masu gam a gefe kawai. Na goma ne. Huɗu suka rage.

Ba bencina ba ne, na Kawu ne.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Wani ya gaishe ni na amsa. Wani ya tambaya ko na ci abinci na ce na ci.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Kujerar moton Kawu har yau da ledar kamfani a jiki, shekara shida. Ta yage ya liƙe da salatif, ta sake yagewa ya sake liƙewa. Rimot ɗin talabijin na gida cikin leda yake. Agogon bango ma. Tun ina yarinya nake masa dariya a kan wannan, shi kuma ya ce abin da ka sha wuya ka samu ba ka barinsa a buɗe.

Yau na tsaya ina kallon kujerar nan na ji kamar in sa hannu in yage ta.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na ɗauki ɗaya daga cikin huɗun na liƙa a kan ta bakwai. Na fita bakin titi.

Ga fuskata. Ga gajimare. Ga wayar lantarki da tsuntsu a kai. A tsakiya ga zobban nan suna buɗewa suna rufewa in na matsa. Ƙwaryar tana can ƙasa kamar abu a cikin rijiya, ba ka ce ja ce ko kore ba. Iskar da na yi wata uku ina kora an dawo da ita cikin minti ɗaya, an kuma rufe shafin da na yi oda da gilashin sidi biyar mai ƙyalli.

Na shiga na ajiye a gabansa. Na ce, "Kawu, zo mu fita rana ka gani."

Ya ce yana aiki.

Na ce, "Kai ka sa musu furotekta."

Ya ce, "To laifi ne? Kaya za su shiga hannun matan daji, ga ƙaho ga kofato, in kai su haka? Ki bar su a kwali ko rufi babu, ni na rufa miki asiri."

Na ce shi ne ya jawo komai. Na faɗa a hankali, Allah ya sani. Na fara bayanin iska da gilashi, ya ɗaga min hannu.

"Shekara ashirin ina sa wa mutane furotekta. Wa ya taɓa dawowa ya ce ba ya gani? Gam ɗinki ya ɗaga, kina neman wanda za ki shafa wa. Ni kika samu?"

Na ce waya a aljihu take, a ɗaki ake dubawa, mai ita kuma ya iya karatu. Na ce ka fito dai, taku biyar ne.

Bai fito ba. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, alhali da sauran kusan awa kafin a kira salla.

Lahadi, 18 ga Mayu

Taku biyar.

Litinin, 19 ga Mayu, da la'asar

Ba ma magana sai ta aiki. Miƙo min wancan, an kawo wannan. Maltiti ta lura, ta kira ni gefe ta ce me ya haɗa ni da Masta. Na ce babu. Ta ce babu ɗin nan ta fi ƙarfin shagon, har katinta ta hana sayuwa.

Na so in gaya mata. Sai na fasa. In na faɗa wa Maltiti, kafin magariba an ji a tashar Savelugu cewa Masta Ɗalha, wanda ya koya wa rabin masu gyaran garin nan sana'a, shi ya makantar da na'urorin Gumani. Da wane ido zai zauna a sahun gaba? Ni kuma a ce yarinyar da ya raina ce ta tona shi.

To in na yi shiru fa? Sunana ya tafi Accra a rubuce, duk inda na nemi aiki ya riga ni isa. Inna Dijatu ta zauna a matsayin makauniya. Kuma a kawo na Kumasi masu iska a ciki, a sake komawa gidan jiya.

Me ya sa ni ce zan zaɓa? Ni me na yi? Bikin suna kawai na je.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Abdul-Mumin ya kira, wai yana tuna min. Na ce ban manta ba. Na ce ina roƙon abu ɗaya, a kira Inna Dijatu ranar zaman, kuma a fito da na'urorin. Ya ce me zai hana, ai sa hannu ne kawai. Ya ɗauka na sauko.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Yau Kawu ya yi magana. Ya jira har shago ya zama babu kowa, ya jawo kujera kusa da teburina, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Fadila, ke yarinya ce. Takarda takarda ce, shekara biyu an manta. Ni in sunana ya ɓaci ba ni da shekarun da zan wanke shi."

Na ce, "Ashe ka yarda kai ne."

Ya ce, "Ban ce ba."

Na ce, "Ka duba ta bakwan?"

Ya juya kai wajen ƙofa. Amma na san ya duba. Jiya na bar ta fuska a ƙasa, da na dawo daga sayen abinci na same ta fuska a sama, da ɗumin rana a jikinta.

Ya sani. Ya sani, kuma ya zauna kusa da ni ya ce in sa hannu. Wannan ya fi takardar ciwo, ya fi Abdul-Mumin, ya fi matar da ta ce za ta jira Masta. Mutumin da ya koya min cewa in ka ƙona wa mutum waya ka gaya masa kafin ya tambaya.

Na ce, "Kawu, ba zan ambaci sunanka ba. Amma hannu ba zan sa ba."

Ya tashi ya mayar da kujerar inda take.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Sama tas, babu gajimare ko ɗaya. Na gode wa Allah.

Alhamis, da yamma

Mutum biyar ne a kwamitin, da wata Hajiya mai tabarau a kujerar shugaba. Ɗakin da labule da na'urar sanyi. An jera shidan a kan teburi an kunna, kuma a cikin ɗakin ana ganin ƙwarya ba laifi. Wani ma ya ce to ina matsalar. Inna Dijatu tana can ƙarshen benci kamar wadda ta zo roƙo. Kawu yana gefena, hularsa a gwiwa.

Abdul-Mumin ya turo takarda da biro. Na ce a yi haƙuri, madara ba a ɗaki ake gwada ta ba, mu fita waje. Ya fara cewa lokaci, Hajiya ta ce a fita.

A tsakar gidan na miƙa wa Inna ɗaya na ce me kika gani. Ta ce, "Ni ce dai, da ɗankwalina." Na zagaya da ita kowa ya ga fuskarsa. Na ce akwai gilashin da aka ƙara a sama wanda ba ya cikin aikina, zan cire shi yanzu ku gani.

Sai na kasa.

An tura gefensa ƙarƙashin robar da ta kewaye na'urar, ko'ina daidai, babu inda ya leƙo. Aiki ne mai tsabta, shi ya sa ba wanda ya lura. Ni kuma farcena a yanke yake saboda aikin gam. Na bi wannan kusurwa, na bi waccan, yatsuna suna santsi da gumi. Na ji wani ya yi gyaran murya. Abdul-Mumin ya ce, "Madam, wane gilashi? Ba mu ga komai ba." Hajiya ta duba agogo. Wallahi na ji hawaye suna tahowa, kuma na rantse ba zan yi kuka a gaban mutumin nan ba.

Sai na ji an ce a bayana, "Kawo nan. Ba ta nan ake ɗaga shi ba."

Kawu ne, ya karɓa. Ya juya ta ƙasa, wajen ramin caja, inda ya bar 'yar kafa. Ya sa dogon farcen ƙaramin yatsansa, wanda yake bari don wannan aikin tun ina yarinya. Gilashin ya ɗago ɗungurungum. Zobban suka tsere gefe suka ɓace.

Ya miƙa wa Inna Dijatu. Ta riƙe nesa da fuskarta, a tsakiyar rana, ta ce, "Ga ƙwarya nan. Kore shar. Har da ɗan zanen bakinta."

Bai tsaya ba. Ya ɗauki ta biyu, ta uku, har shida, yana cirewa yana jera gilasan a kan dakali.  Da ya gama Hajiya ta ce, "Masta, wa ya sa waɗannan?"

Ya ce, "Ni na sa. Ba ta nan, ba ta sani ba. Jara na yi."

Wani daga cikinsu ya yi 'yar dariya. Da ina da abu a hannu da na jefe shi.

Abdul-Mumin ya naɗe takardarsa ya ce ashe rashin fahimta ne. Rashin fahimta. Kwana goma sha shida. Na ce makullin Inna fa? Hajiya ta ce a mayar mata yau. Maganar shago kuma wai za su rubuto.

Kawu bai jira ni ba. Yalo-yalo na hau.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

Bai zo shago ba. A gida ƙofarsa a rufe, an kai koko an dawo da shi. An riga an ji a kasuwa. Mutum biyu sun zo wai gyara, idonsu na kan bencinsa.

Na yi ta jira in ji daɗi. Sunana ya fita, ba abin da nake so ke nan ba? Har yanzu ina jin haushinsa, ranar Laraba ba ta goge ba. Amma na share bencinsa sau biyu yau, kuma ba ƙura a kai.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Da na fito da safe na same shi a ƙofar gida a kan moto, injin a kunne, da ƙullin goro da sukari ɗaure a gaba. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Hau. Akwai matar da na sa aka ce wa makauniya."

Na ɗaga ƙafa zan hau sai na ga kujerar. Babu leda. Ya cire ta duka, har da salatif ɗin shekara shida, ga guntayen nan a bakin kwata. Fatar baƙa wul, sabuwa kamar jiya aka sayo.

Rana ta riga ta gasa ta. Ta ƙone ni tun daga Bulpiela har Gumani, na san shi ma ta ƙone shi.  A wajen gada ya faɗa rami, na riƙe rigarsa, ban kuma sake ba har muka isa.